Aska ta Goma Sha Huɗu

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Babanmu ya koma ranar wata Talata da hantsi, damina ta ɗauke ke nan, a ɗakinsa na kusa da zaure a unguwar Dala, inda ya yi shekara hamsin da 'yan kai yana aske kawunan mutanen Maiduguri. Jiya aka yi addu'ar arba'in. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya tokare ni a ƙirji wanda ban iya faɗa wa masu gaisuwa ba.

Masu gaisuwa kuwa sun zo har layi ya toshe, masu keke napep suka riƙa zagayawa ta baya suna mita. Ban san wanzami na da jama'a haka ba. Yayanmu, wanda ya zauna karɓar gaisuwa a waje, ya ce duk wanda ya durƙusa a tabarma, da an shafa sai ya ture hula ya taɓa kansa ya ce, “Shi ya yi mini askin suna.” Da Hausawa, da Kanuri, da Shuwa, da masu furfura da masu baƙin gemu. A cikin gida kuma mata kalma ɗaya suka riƙe: “Rawar hannun nan ta wahalar da bawan Allah, ya huta.” Ina cewa amin da baki, a raina kuwa ji nake kamar in ce su yi mini shiru, don ba su san abin da ya fi rawar hannun wahalar da shi ba.

Ran kwana uku, matar Yaya, da nufin ta ɗebe wa Inna kewa, ta ɗauko zancen asake. Baba yana da wata al'ada da bai gada ba, shi ya ƙirƙiro abarsa. Duk sanda aka yi masa jika, sai ya je wurin maƙeri a ƙera masa sabuwar aska, ya yi kwanaki yana wasa ta, ran suna ya aske jaririn da ita, ya wanke, ya naɗe a ƙyalle, ya miƙa wa uwar ya ce, “Ajiye masa.” Ba a sake aski da ita. Matar Yaya ta ce nata biyar suna ƙasan akwati. Yayyena mata biyu suka ce su huɗu-huɗu ne. Aka haɗa, goma sha uku. Sai kowa ta sami abin kallo a tabarma, don jikokin Baba goma sha huɗu ne, na goma sha huɗun kuma yana kan cinyata yana tsotsar yatsa. Ɗana ne kaɗai Baba bai aske ba. Kuma ni ce na hana.

Ana cikin haka aka ce Baban Maisandari zai shigo gaida Inna. Shi ma wanzami ne, Kanuri daga unguwar Maisandari, dogon tsoho, abokin Baba kuma abokin faɗansa tun kafin a haife ni. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, “Wushe, wushe. Allah ya ba da haƙuri.” Sai idonsa ya faɗa kan yarona. Ya miƙo hannu ya ɗora a kan sumarsa, sannan ya tashi ya fita yana share fuska da hannun riga. Shi ya yi askin da Baba bai yi ba.

Bari in faɗi wane ne Baba kafin in faɗi abin da na yi masa.

Gajere ne, mai saurin tafiya, zabira a kafaɗa. Iyayensa daga Kano suka zo da shi yana goye, amma har ya tsufa in ya yi fushi sai ya ce zai koma garinsu, Inna ta ce, “Wane gari? Ko hanyar tasha ba ka sani ba.” Mun fasa masa tulu, mun ɓatar masa da agogo, bai ɗaga murya ba. Amma ranar da Yaya ya buɗe zabira ya feƙe fensir da aska, sai da ya kwana biyu a gidan kawu.

A askin jarirai ba shi da na biyu. Yakan shigo da hantsi bayan an raɗa suna, ya sa a kawo ruwan ɗumi, ya gwada da gwiwar hannu, ya zauna ya miƙe ƙafa, tsohuwa ta riƙe masa jariri. Kafin ya ɗora aska sai ya sunkuya ya ce, “Sannu da zuwa, baƙo. Hanya ta yi nisa ko? Zauna in nuna maka mutanen gidan.” Daga nan yana aski yana gabatarwa. “Wancan mai leƙe daga zaure ubanka ne, muzuran nan duk tsoro ne. Waccan mai ɗaurin ɗankwali kamar za ta tashi sama goggonka ce. In ta ba ka abinci ka karɓa, in ta ba ka shawara ka zo ka tambaye ni.” Mata na dariya, jariri na lumshe ido, kafin a farga kai ya fito tas babu ko ƙwarzane.

Baban Maisandari yakan ce, “Bakano, kai da baki kake aski.” Baba ya ce, “Gara ni, kai da lauje kake yi.” Sun taɓa yin wata uku ba sa gaisawa a kan ko da sabulu ake fara jiƙa kan jariri ko da ruwa zalla. Kuma cikin wata ukun nan kowannensu shi ke aske ɗan'uwansa duk Alhamis, a shiru, fuska a murtuke, don ba wanda ya yarda wani ya taɓa masa kai.

A shekarun da gari ya cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, ana haihuwa a azuzuwan makaranta da ƙarƙashin tamfol, Baba ya riƙa zagayawa da zabira yana tambayar inda aka samu ƙaruwa. Na taɓa raka shi wurin wata mai jego a wani aji. Matar ba ta da kowa. Miji, uwa, dangi, duk ba ta san inda suke ba. Na ce yau zan ga wanda Baba zai nuna wa baƙo. Sai ya ɗaga kai ya dubi matan da ke tsaitsaye, waɗanda ba su san ta ba sai a wannan aji, ya fara rabawa: wannan goggonka ce, wannan innarka, waccan tsohuwar kakarka. Ya nuna ni ya ce, “Wannan yayarka ce, malamar makaranta, ka yi hankali da ita, akwai faɗa.” Uwar ta rufe fuska da mayafi. Sai da muka kusa gida ya yi magana. Ya ce, “Bai kamata mutum ya iso duniya a ce masa ba kowa ba.”

Rawar ta fara ne a hannun dama, hannun aska. In yana zaune ba ya komai, sai babban yatsa ya riƙa murza manuni kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Da ya ɗauki abu sai ta lafa, shi ya sa ya ɓoye ta kusan shekara. Da ta yi ƙarfi ta fara bin sa har cikin aiki. Tafiyar nan mai sauri ta koma jan ƙafa, yawu ya riƙa taruwa a gefen bakinsa, shi da ba ya yarda a ga ko ɗigon miya a rigarsa. Ranar da ya yanki wani tsoho a bayan kunne, ya dawo ya rataye zabira a ƙusa, ya kwana uku ba ya fita sai masallaci. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wata ta ce sanyi ne, wani ya ce hannu aka sa masa. Ni da Yaya muka gaji da shawarwari muka kai shi asibiti.

Likita ya sa shi ya yi tafiya, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, sannan ya ce cutar Fakinsan ce, daga ƙwaƙwalwa take, ba ta warkewa amma ana rage mata ƙarfi. Ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya, benzhexol, ya ce tana kwantar da rawar hannu, ta sassauta sandarewar jiki, ta rage yawun. Da rabi za a fara. Ya dubi Baba ya ce, “Baba, maganin nan yana ba da abu, yana karɓar abu. Zai busar maka da baki. Ganin kusa zai iya yin dishi-dishi. Bayan gida da fitsari za su iya yin wuya. Gumi zai ragu, saboda haka ka guji rana. Kuma ga masu shekarunka, in ya yi yawa yana rikita tunani. Kada ka ƙara da kanka, kada kuma ka daina kwatsam.” Ni malama, na zaro biro na rubuta duka a bayan kati, ina jin kaina mai tsari. Baba kuwa abu ɗaya ya ji. Ya ce, “Likita, hannun zai tsaya?”

Ya tsaya, ko in ce ya kusa. Cikin 'yan makonni Baba ya sauke zabira, ya koma gindin darbejiya yana aske tsofaffin da suka yarda da shi. Jarirai dai ya bar wa Baban Maisandari, da kansa, ba wanda ya ce masa. Da ya ji cewa samarin gari na shan irin ƙwayar nan don su bugu, shi ya sa a kemis sai an nuna takardar likita, ya girgiza kai ya ce, “Ni ina sha don in tsaya, su suna sha don su faɗi.”

Abin da maganin ya karɓa kuwa, a hankali ya karɓa. Baba mutumin goro ne, sai goro ya daina wucewa. Ya tauna, ya tauna, ya zama dusa a bakinsa, ya tofar. Da can da yawu yake jiƙa yatsa ya gwada kaifin aska, yanzu sai ya tsoma a buta. In yana magana kana jin harshensa na mannewa. Askar ma sai ya miƙe hannu can nesa kafin ya ga bakinta. In na tambaye shi sai ya ce, “Auta, na ba da goro na karɓi hannu. Ni na ci riba.” Da bazara ta shigo, kowa na jiƙewa sharkaf, Inna ta lura rigar Baba na yini a bushe. Ta yi ta faɗa wa maƙwabta cewa jikin Malam ya yi ƙwari, ko zafi ba ya ji. Ni ma na taya ta murna, alhali katin da na rubuta “gumi” a kansa da hannuna yana cikin jakata.

A cikin bazarar nan na haihu, bayan shekara tara da aure. Ba zan tsaya faɗin abin da na ji daga bakin mutane a shekarun nan ba. Baba ne kaɗai bai taɓa kawo mini magani ko tambaya ba. In na zo daga gidana a Bulumkutu sai dai ya ce, “Maƙerin nan bai mutu ba, ni ma ban mutu ba.” Ranar da na dawo gida goyon ciki ya sa hula ya tafi wurin maƙeri da ƙafa. Namiji na samu, mijina kuma ya ce sunan Baba za a sa.

Ba wanda ya iya ce masa ya bar wa Baban Maisandari wannan askin. Yaya ya fara, Baba ya dube shi, maganar ta mutu. Daga tagar ɗakin da nake jego ina hango shi da safe, ya kife ƙwarya a cinya, ya shafa mata sabulu, yana bin ta da sabuwar aska. Rana ta farko hannun na ɗan motsi, ya ajiye ya yi tagumi. Rana ta uku na ga hannun ya tsaya cak, na ce alhamdu lillahi, ban tambayi kaina me ya tsayar da shi ba. Ashe ƙwayar da ake ba shi ɗaya ya mai da ita biyu, sannan uku. Rana ta biyar Inna ta ji shi yana hira da wansa, wanda ya rasu tun ina firamare. Rana ta shida ya ce a kori yaran da suka hau katanga, kuma ba kowa a katangar. Muka ce zafi ne da ɗokin suna.

Ran suna da hantsi gida ya cika. Goggo, ƙanwar Baba, ta karɓi jariri ta zauna a tsakar gida. Da yake ɗan fari ne, wurina ɗaki, kaina a ƙasa, ko kallon inda yaron yake bai kamata a ga ina yi ba. Na leƙa ta labule. Baba ya fito cikin farar riga, idanunsa sun yi wani irin girma. Ya zauna. Bai gwada ruwan da gwiwar hannu ba. Bai ce sannu da zuwa baƙo ba. Ya dubi Goggo ya kira ta da sunan mahaifiyarsu. Askar na gabansa a kan ƙyalle, ya yi ta lalube a gefenta, da ya same ta ya damƙe ta ta wajen kaifi. Jini ya biyo tafin hannunsa, ko dubawa bai yi ba. Ya juya ta, ya ɗaga, ya nufi maɗigar yaron, daidai inda ke bugawa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na tsinci kaina a tsakar gida, ba mayafi, na fizge yaron daga hannun Goggo na rungume. Mata suka ɗauki salati. Na ji wata ta ce, “Ɗan fari! Ba kunya!”

Baba ya ɗago ya dube ni. A wannan lokacin ya gane ni sarai, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

“Auta, kawo shi.”

“Baba, ba zan ba ka shi ba.”

“Dubi hannuna.” Ya miƙo shi, jini na ɗiga, amma ko motsi ba ya yi. “Dubi. Ba ya rawa. Na gyara shi. Saboda ke na gyara shi.”

“Na gani, Baba. Ba zan bayar ba.”

A gaban surukaina, a gaban matan unguwa da ya aske wa 'ya'ya, na faɗi haka. Ya daɗe da hannun a miƙe. Sannan ya ajiye askar a tabarma, ya tashi ya fita. Inna ta aika a kira Baban Maisandari, wanda ya zo cin suna. Ya shigo ɗaki, ya sa aka saki labule, ya aske yaron da tasa askar. Ba wanda ya nuna wa ɗana mutanen gidan.

Hidima ta ɗauke hankalin kowa. Maza sun ɗauka Baba na ciki, mu mun ɗauka yana waje. Ashe zagayawa ya yi ta bayan katanga ya zauna a dakali, inda babu ko inuwa, har azahar. Maƙwabciyarmu, tsohuwar nas 'yar kudancin Borno da muke kira Mama Nas, ita ta gan shi tana dawowa daga kasuwa. Ta taɓa goshinsa ta ƙwalla kira. Jikinsa zafi rau, kuma a bushe ƙamas. Ta sa aka ja shi inuwa, aka cire masa riga, ta riƙa kwara masa ruwan randa tana fifita tana faɗa: “Mutum a Maiduguri, a wannan wata, ba ya gumi, ku kuna murna? Wane magani yake sha? Ku kawo mini in gani!” Inna ta kawo. Ƙwayar wata guda ce, saura biyu, ga wata bai raba ba.

Kwanansa tara a asibiti. An yi masa ƙarin ruwa, an sa masa robar fitsari don ya ƙi fita. Likita bai yi mana faɗa ba, na so ma ya yi. Ya raba shi da ƙwayar, ya sauya masa da wata. Hankalin Baba ya dawo garau, rawar hannun ma ta dawo har ta fi da. Amma kwanakin nan na kafin suna, da ranar sunan kanta, sun goge daga kansa kamar allon da aka wanke. Ranar da aka sallamo shi ya ce a kawo masa takwaransa. Na kai shi da kaina. Ya shafa kan, gashi ya fara tsirowa. Ya dubi tabon tafin hannunsa, ya dube ni.

“Auta, ni na aske shi?”

Inna na tsaye, Yaya na tsaye. Na ce, “Kai ka aske shi, Baba.”

“Hannun bai ba ni kunya ba?”

“Ko ƙwarzane babu.”

Ya yi murmushi ya gode wa Allah. Daga ranar gidanmu gaba ɗaya ya shiga ƙaryar nan, har Baban Maisandari, har Goggo da magana ba ta kwana a cikinta.

Na yi ta cewa in ya ƙara ƙarfi zan faɗa masa, in roƙi gafarar maganar da na yaɓa masa a gaban mutane. To amma yaya mutum zai roƙi gafarar abin da ya ce bai faru ba? Na koma Bulumkutu bayan arba'in ɗin haihuwa, ina zuwa duk Juma'a. Bai sake fita aski ba, kofin shayi ma sai Inna ta riƙe masa. Wata Juma'a ya ce in ɗora masa yaron a cinya. Ya aza hannun nan mai rawa a kan sumar, yaron na dariya yana tsammani wasa ake yi masa. Sai na ji ya ce, “Sannu da zuwa, baƙo. Hanya ta yi nisa ko?” Na ɗauka ruɗewar ce ta dawo. Ya nuna masa Inna, ya nuna masa Goggo, ya nuna masa Yaya, kowa da tsiyar da ya yi masa. Da ya zo kaina ya ce, “Waccan uwarka ce. Taurin kai gare ta, a wurina ta ɗauko. Kana hannu mai kyau.” Na yi dariyar yaƙe na tashi na shiga kicin, ban fahimci komai ba. Bayan wata guda ciwon ƙirji ya kama shi, kwana shida ya tafi.

Jiya, bayan an watse daga addu'a, Inna ta kira ni ɗakinsa. Ta sauke zabira daga ƙusa, ta zaro wani ƙyalle ta ɗora mini a cinya. Na warware. Aska ce, tana ƙyalli, tana ƙanshin man keken ɗinki.

Inna ta ce ran suna, cikin ruɗani, ita ta tsince ta a tabarma, ta goge ta jefa a zabira, ta manta. Mu duka mun manta. Mun shirya ƙaryarmu tsaf, ba wanda ya tuna cewa da Baba ne ya yi askin, da askar na cikin akwatina. Kwana biyu da dawowarsa daga asibiti ya buɗe zabira ya gan ta. Ya tsare Inna da ido har ta faɗa masa duka: da jinin, da fitowata ba mayafi, da abin da na ce.

“Me ya ce, Inna?”

“Ya juya askar a hannunsa. Sannan ya ce, ‘Ashe na haifi 'ya.’ Ya ce kada in kuskura in gaya miki ya sani, wai kin ɗauki ƙaryar nan ne don ki rufa masa asiri, a bar ki da abarki, kada a kunyata ki. Duk Juma'a kafin ki iso sai ya sa in ɗiga masa mai, ya goge ta da kansa don kada ta yi tsatsa. Ina tsoron ya yanke, ba ya bari in karɓa.”

Kusan wata shida ke nan ina zuwa ina zama gabansa da ƙaryata, shi yana zaune gabana da tasa, kowa na lallaɓa ɗan'uwansa. Da ɗayanmu ya yi rashin kunya sau ɗaya, da na durƙusa na ce Baba ka yafe mini, da na ji amsar da kunnena. Wannan ne ba zan ƙara samu ba, kuma zuciyata ta ƙi haƙura.

Allah ka jiƙan Baba, ka sanyaya masa makwanci, ka shayar da shi, shi da ya daɗe bakinsa a bushe bai yi ƙorafi ba. Ka sa a tarbe shi a can, a nuna masa mutanen gidan.

Na tambayi Inna ko ya bar mini wani saƙo. Ta naɗe askar a ƙyallenta, ta kamo hannuna ta damƙa mini.

“Ya ce in ce miki, ajiye masa.”